Zauren Tambaya: Hanya Ta Juya wa Garinmu Baya

Wasiƙun wannan wata sun fito ne daga garuruwan bakin hanya na jihar Kaduna, kuma kukansu kusan ɗaya ne: motoci sun daina tsayawa, kasuwa ta yi sanyi, samari sun watse. Mun zaɓi guda bakwai, muka taƙaita su, muka sakaya sunaye. Masu amsawa su ne injiniyan hanya, da mai ƙiyasta ƙimar gine-gine, da magini, da jami'in ƙungiyoyin gama kai.

Tambaya: Da can a garinmu ko ƙarfe biyun dare ka fito za ka sami shayi da tsire da mai faci. Yau rabin rumfunan sun zube. Mutane na cewa 'yan bindiga ne kawai, ni kuwa ina ganin abin ya girme su. Me ya kashe garin, kuma in tsaro ya dawo zai farfaɗo? *Dattijo, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ganinka daidai ne. 'Yan bindiga sun tarar da garin yana jinya ne, suka ƙarasa shi.

Garin bakin hanya yana cin abinci ne daga motar da ta tsaya. Wadda ta wuce, ko dubu ce a yini, ƙura kaɗai take bar muku. Saboda haka tambayar ita ce, me ya sa a da ake tsayawa? Hanyarku ita ce tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ikko: Buruku, Udawa, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye Kwara a Jebba, a faɗa Ilori. Duk mai ɗauke da gyaɗa ko shanu ko atamfar Kakuri zuwa kudu maso yamma, nan zai bi. Motocin lokacin kuma ba su iya doguwar tafiya a jere. Lagireto ya tafasa a nemi ruwa, tayoyi masu tif ne ƙusa ɗaya ta kwantar da su, tankin mai ƙarami, hanya siririya. Direba kuma shi ne gidan waya, shi ke kai saƙo da kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilin tsayawa ne, kuma kowane dalili yana ciyar da gida biyar ko goma.

Sai abubuwa suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. An gina tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, motocin fasinja da dama suka koma bi ta Abuja da Lokoja. Masaƙun Kaduna suka durƙushe: KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, lodin da ke fita daga Kakuri ya ragu, albashin da ma'aikata ke aikawa ƙauye ya yanke. Mota ta yi ƙarfi, taya ta koma marar tif, waya da tiransifa suka karɓe aikin saƙo. Hanyar kanta ta farfashe. A kan wannan ne satar mutane ta sauka, direba ya koma ba ya son ko rage gudu, balle ya kwana.

Ba ku ne farau ba. Zungeru ce hedikwatar Arewa daga 1902, da Turawa suka kwashe ofisoshinsu zuwa Kaduna wajen 1917 sai ta koma ƙaramin gari. Ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos an rufe shi a 1957, tashoshinsa suka rasa cinikin jirgi. Abin lura shi ne, waɗanda suka ci gaba da rayuwa a cikinsu su ne masu noma da kasuwar hatsi, wato masu abin da za a zo nema takanas.

To, in tsaro ya dawo fa? Wani kaso zai dawo, musamman manyan motoci, domin hanyarku ta fi kusa ga mai zuwa Ilori da Ibadan. An ga alama bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, lokacin da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba bayan shekaru tana rufe. Amma kada a yaudari kai: motar da za ta dawo ba irin ta da ba ce, ba ta buƙatar ruwa kowane kilomita hamsin. Za ta tsaya ne a wuri biyu ko uku kacal a duk tsawon hanyar, inda ta sami tsaro da fili da ruwa. Garin da ya shirya waɗannan tun yanzu shi zai samu, sauran za su ci gaba da kallon wucewa.

Tambaya: Shekara da shekaru ina sayar da tuwo da shinkafa a tsakiyar gari. Yanzu motoci sun koma bin sabuwar hanya da ta zagaye mu ta baya, tazarar kamar kilomita biyu. 'Ya'yana sun ce in sayar da shagon in koma can. In tashi ko in zauna? *Hajiya mai abinci, arewacin Kaduna*

Amsa: Hajiya, kada ki sayar tukuna, kada kuma ki sayi fili tukuna. Fara da ƙirga.

Sami yara huɗu masu hankali, biyu a kowane hannun hanya, kowa da littafi. A ja layi huɗu: ƙananan motoci, bas-bas, manyan motoci, babura. Daga asuba zuwa goman dare a riƙa sa ƙwaya ga duk wadda ta wuce, a zagaye wadda ta tsaya, a tambayi direban abin da ya tsayar da shi. A yi haka kwana uku daban-daban: ranar kasuwa, ranar Juma'a, da wata rana ta gama-gari. In da hali a maimaita a damina da kuma kaka, don zirga-zirgar ba ɗaya ba ce. Wannan littafi ya fi shawarar kowa, har da tamu.

Sai ki duba nisanki da babban gari. Wanda ya bar tashar Kawo minti ashirin da suka wuce ba ya jin yunwa, wanda kuma ya rage masa minti ashirin ya shiga Zariya zai daure. Wuraren da ke samun ciniki su ne inda tafiya ta kai awa biyu zuwa uku, ko inda azahar da magariba ke riskar matafiya, ko mararraba, ko inda manyan motoci ke yada zango kamar Tafa da Mararrabar Jos.

In lissafi ya nuna akwai ciniki, ga inda mutane ke faɗawa rami. Na farko, hannun hanya. A tagwayen hanya mai shinge a tsakiya, motar da ke ɗaya hannun ba taki ba ce, direba ba zai tafi neman wurin juyawa saboda malmalar tuwo ba. Tunda dama muke bi, motar da ta nufi Zariya daga Kaduna tana gefen gabas, mai dawowa tana gefen yamma. Zaɓi gefen da littafinki ya nuna motocinsa sun fi tsayawa a lokacin cin abinci. Na biyu, haƙƙin hanya. A hanyar tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe na gwamnati ne. Duk wanda ya sayar miki da fili a cikin wannan tazara ya sayar miki da rusau, kuma ba diyya. Ki sa a auna da tef a gabanki, ki kuma kai takardun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a duba kafin ki biya ko sisi. Na uku, kada ki zauna a kan kwana, ko gangare, ko bakin gada, don babbar mota mai lodi ba za ta iya tsayawa ko tashi lafiya a nan ba.

Abin da ke jawo direba kafin ɗanɗanon miya shi ne wurin ajiye mota. Tirela tana kai tsawon mita 16 zuwa 18, don haka kowace tana son wuri mita 20 sau 4, ban da filin juyawa. Fuloti ɗaya na ƙafa 50 sau 100 da ƙyar ya ɗauki uku. Don guda goma sai fili kamar mita 50 sau 50, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa muke ba da shawarar ku haɗu, ke da mai shayi da mai faci da bakanike da mai POS, ku yi hayar wuri ɗaya. A zuba marmara hawa biyu, kowane hawa kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa a daddanne kafin a ɗora na biyu, a karkata filin kaɗan don ruwa ya gangara. Wanda ya zuba tifa-tifa ya baje kawai, ruwan Agusta zai mai da masa wurin taɓo, tirela ɗaya ta kafe labari ya zagaya tasha. Mashiga kuma tana buƙatar kwalbati, kada a cike lambatu da ƙasa, don ruwan zai koma ya ci gefen kwalta.

Bayan fili sai ruwa, da banɗaki mai tsafta na maza daban na mata daban, da wurin salla, da fitilar sola mai kai asuba. Banɗakin mata shi ne abin da aka fi sakaci da shi, alhali sau da yawa fasinjoji mata ne ke sa direban bas ya tsaya ko ya wuce. Allon sanarwa kuwa, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka allon da ke bakin ƙofa ba shi da amfani. A nemi izini a kafa ɗaya mita 500 kafin wurin, wani a mita 200, haruffa kada su gaza ƙafa ɗaya, kalmomi uku sun isa.

Fara da rumfar kwano da benci, wata shida, tsohon shagon yana nan yana ciyar da 'yan gari da safe. Ki je wurin shugabannin direbobi a tashoshin da motocin ke tasowa ki gabatar da kanki. Ciyar da direban da ya sauke miki fasinja tsohuwar al'ada ce, ki sa ta cikin lissafi tun farko. In wata shida ta cika rumfa tana mai da kuɗinta, sannan a yi maganar bulo.

Tambaya: Mu samarin gari mun yanke shawarar zuba tudun rage gudu guda uku a kan titi, don motoci su riƙa tsayawa mata su sayar da rake da gyaɗa. Siminti buhu nawa za mu saya? *Shugaban matasa, hanyar Kaduna zuwa Abuja*

Amsa: Ɗan'uwa, ko buhu ɗaya kada ku saya. Mun fahimci halin da ya kai ku ga wannan tunani, amma abin zai ci rai. Ƙaramar mota mai gudun 100 tana buƙatar kusan mita 100 kafin ta tsaya cak, tanka mai lodi ta fi haka nesa ba kusa ba. Tudun da ba fenti ba alama, da dare direba zai gan shi ne bayan ya hau. Ko ta baya ta afka wa ta gaba, ko tanka ta kife a tsakiyar masu talla, ko siminti ya ɓare ya bar rami. Ga kuma tsaro: inda mota ke rage gudu dole, nan masu tare hanya ke so. Doka ma ba ta ba kowa ikon taɓa hanyar tarayya ba sai ma'aikatar ayyuka.

Ku rubuta takarda, dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su sa hannu, a kai ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya a Kaduna, kwafi ga hukumar kiyaye haɗurra da ɗan majalisarku. Ku nemi abu takamaimai: wurin ratsewa a gefen titi inda mota biyar ko shida za su tsaya, da mashigar juyawa kusa da gari, da siraran layukan gargaɗi da alamar rage gudu, da gadar masu tafiya a ƙasa in makaranta ko kasuwa na tsallake. Ku haɗa da ƙirgar motoci irin wadda muka bayyana wa Hajiya, da jerin haɗurran da aka yi da ranakunsu. Lokacin da ɗan kwangila ke aiki a yankinku shi ne lokacin matsawa, in ya kwashe kayansa abin ya yi wuya.

Tambaya: An shafa jan fenti a bangon shagunana huɗu, an ce aikin hanya zai bi ta kai. Tun hanya na da rai na gina su, yanzu biyu ma ba kowa a ciki. Me doka ta ce a ba ni? *Alhaji, tsohon ɗan kasuwa*

Amsa: Alhaji, abin farko a san ko ginin na cikin tsohon haƙƙin hanya ne ko kuwa sabon fili ake karɓa. In yana cikin mita 45.72 ɗin nan, hukuma na kallonsa a matsayin ginin da aka yi a filinta, abin da za a ba ka in an bayar alfarma ce. In yana waje, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a, ta kuma wajabta diyya.

Amma ka san abin da ake biya. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta yadda dillalai ke yi mata farashi. Ana biyan abin da ka ɗora a kai: gini, rijiya, katanga, itatuwa masu amfani, amfanin gona. Gini ana lissafa abin da zai ci a sake irinsa yau, a cire tsufa da lalacewa. Nan ne shagunan da aka bari a buɗe ke cutar da mai su, domin rufin da ya yaye da bangon da ya tsage suna rage ƙima. Cinikin da ka rasa kuwa dokar ba ta lissafa shi ba. Ta dai tanadi ƙari in an yi jinkirin biya.

Kafin ranar ƙidaya, ɗauki hoton kowane shago ciki da waje da lambar da aka rubuta a bango. Auna tsawo da faɗi, rubuta irin bulo, irin rufi, daɓen ƙasa, ƙofofi, silin, wayar wuta. Ƙirga itatuwa, mangwaro nawa, ɗorawa nawa, manya ko ƙanana. Tattara takardar mallaka, ko ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, da rasit na haraji. Ranar ƙidaya ka tsaya da kanka, kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ka ɗauki hoton wanda aka cike. In gadon gida ne, magada su fitar da wakili ɗaya a rubuce tun yanzu, don rigimar magada na riƙe kuɗi shekaru. Kuna iya haɗuwa ku ɗauki ƙwararren mai ƙiyasi mai rajista ya tsaya muku, amma a rubuta kasonsa, a kuma tabbatar kuɗin zai shiga asusun kowa kai tsaye. In ba ka gamsu da adadin ba, dokar ta ce a kai ƙorafi ga kwamitin rabon filaye na jiha. Kada ka rushe da hannunka kafin a ƙidaya, kada kuma ka yi sabon gini bayan an shafa fenti da fatan ƙarin kuɗi, ba a lissafa shi.

Tambaya: Mun gaji gidan mai da ya shekara shida a rufe. Wani mai walda ya ce zai tono tankunan ya yanka ya saya. Wani kuma ya ce mu riƙa tara ruwa a ciki. Wanne ya fi? *Magada, hanyar Kaduna zuwa Kachiya*

Amsa: Duka biyun a'a. Tankin fetur da ake cewa ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwance a ƙasan tanki da cikin bututu shekaru. Tartsatsin walda ɗaya ya isa ya tashe shi. Kada a leƙa da ashana ko fitila, kada kowa ya shiga ciki, a sa kwaɗo a murafen saboda yara. Ruwan da ya zauna a ciki kuma guba ne, ko dabba ba a ba.

Ku shinshina ruwan rijiyoyin maƙwabta, ku duba ko akwai maiƙo a samansa; in akwai, tanki ya huje, a daina sha nan take. Ku lura kuma da damina, don tanki marar komai yana iya tasowa ya fasa daɓe in ruwan ƙasa ya hau. Hanyar da ta dace ita ce a sanar da NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da gidajen mai, wadda ta gaji DPR a 2021, a kawo masu wannan aiki su zuƙe ragowar mai da laka, su kore tururin, su gwada da na'ura, sannan ko a cire tankin ko a cike shi da yashi.

Batun sake buɗewa, ku yi lissafi da idon basira. Bayan cire tallafi a Mayun 2023 farashin lita ya kusan ninka uku cikin 'yan kwanaki, jarin sayen tanka guda mai lita 33,000 ko 45,000 ya fi ƙarfin ƙananan gidajen mai da yawa. A garin da babura ne masu saye, man zai daɗe kwance, jari ya maƙale. Abin da ke da daraja a hannunku shi ne daɓen kankare da rumfa da mashiga biyu. Bayan an kashe tankunan, wurin zai yi sito da filin lodin hatsi, a shimfiɗa tamfol kada hatsi ya taɓa daɓen da ya sha mai.

Tambaya: Gidanmu na gado ginin ƙasa ne mai soro da zaure, duk mun koma Rigasa da Tudun Wada, ba mai kwana a ciki. Yaya za mu hana shi faɗuwa? Ko mu shafe shi da siminti? *Ɗan gida, mazaunin Kaduna*

Amsa: Malam, ginin ƙasa ruwa ne ke kashe shi, ta sama da ta ƙasa. Gidan da ake zaune a ciki ana ganin ɗigo ranar da ya fara, wanda aka kulle sai azara ta ruɓe ake sani.

Kowace shekara kafin ruwan farko, wajen Afrilu, a hau soro a share, a cire ciyawa da tsiron da ya fito, a buɗe indararo. Indararon da ya toshe ko ya gajarta shi ne babban mai laifi: ruwa ya taru a rufi ya yi nauyi, ko ya riƙa zuba a jikin bango ya ƙwaƙule shi. Bakinsa ya fita aƙalla rabin mita daga bango, a sa duwatsu inda ruwan ke sauka. A cike tsagar rufi da ƙasa mai ramno da ta kwana biyu a jiƙe, a bi da makuba in ana samu. Gindin bango a yi masa tudun ƙasa mai gangarowa waje, kada ruwa ya kwanta. A ciki a ƙwanƙwasa azara; ta giginya tana jure gara, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa in ya sha danshi. A kankare hanyar gara duk inda aka gani, a fitar da tsofaffin tabarmi da katako, a bar tagogi da 'yar kafar iska.

Siminti kai tsaye a kan ƙasa ba ya kamawa. Yakan rabu da bangon kamar ɓawon rogo, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, ginin ya narke a ɓoye. In dole sai an yi, a tsaya ga gindin bango, a buga ƙusoshi da ragar waya tukuna. In ba mai zuwa duba soro kowace shekara, ɗora rufin kwano mai baki mai tsawo a samansa ya fi aminci. Mafi sauƙin duka dai shi ne a sa mutum a ciki, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ko ba haya, da sharaɗin kula.

Tambaya: Kasuwarmu ta mako ta koma ta 'yan gari kaɗai. Masara da waken suya muna nomawa sosai, amma 'yan sari ba su shigowa, sai mu kai wata kasuwa mu biya kuɗin mota. Ta ina za mu fara? *Sarkin kasuwa, wani gari a ƙasar Zazzau*

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace fata a cikinta, domin ba ku dogara da mai wucewa ba, kuna da abin da za a zo ɗauka. Ɗan sari ba ya ƙin gari don ƙanƙantarsa, yana ƙin ya turo mota ta koma rabi. Tirela tana ɗaukar tan 30, wato buhu 300 mai kilo 100. Ranar da za ku iya buga waya ku ce ga buhu 300 a wuri ɗaya, iri ɗaya, awo ɗaya, mota za ta shigo ko da hanyar ta zagaye ku.

Ku kafa ƙungiyar gama kai mai rajista da asusun banki. Dokar tarayya ta 1993 ta yarda a fara da mutum goma, amma don cika mota gara manoma talatin zuwa hamsin, kowa ya yi alkawarin buhu shida zuwa goma. Masu sa hannu a asusu su zama uku daga gidaje daban-daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi a kan abu biyu suke mutuwa: kuɗi a aljihun mutum ɗaya, da ba shugabanni bashi.

Sai inganci. A daina shanya a gefen kwalta da kan ƙasa, don tsakuwa da ƙura na karya farashi, danshin ƙasa kuma na kawo fumfuna mai dafi, wadda masu haɗa abincin kaji ke mai da mota saboda ita. A shanya a tamfol har danshi ya sauka kusan kashi 13 cikin ɗari. In ba na'urar gwaji, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba a girgiza a bar ta kaɗan. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. A sayi sikeli ɗaya na ƙungiya, a bar awon ido da buhu mai toliya. Wanda za a ajiye zuwa bazara a sa shi a buhun PICS mai ninki uku: a duba ledojin ciki biyu ba huda, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ba ya buƙatar magani, amma ɓera ɗaya ya huda shi aikin ya ɓaci, don haka a ɗora a kan katako, a bar rata da bango, a share sito. Tsofaffin shagunan bakin tsohuwar hanya da ba kowa a ciki sun isa sito in an gyara rufi da ƙofa.

Masu saye suna nan kusa: masu abincin kaji irin kamfanin Olam da ya buɗe a Chikun a 2017, da dillalan Dawanau, da masu kai kaya kudu. Ku aika mutum biyu da samfur su tambayo sharuɗɗa a rubuce, danshi nawa, datti nawa, yaushe ake biya. Kada ku saki mota kan alkawarin baki ga wanda ba ku taɓa ciniki da shi ba, kada kuma ku yarda da hoton tiransifa sai banki ya nuna kuɗin ya shiga.

Ranar kasuwa ma a duba ta. In ta yi karo da babbar kasuwar da ke kusa, ku nemi hakimi da ƙaramar hukuma a matsar da ita kwana ɗaya kafin waccan, ɗan sari ya saya a wurinku ya wuce da kayan gobe. A rage yawan masu karɓar haraji a bakin kasuwa zuwa rasit ɗaya, a tsayar da kuɗin dako da la'ada kowa ya sani. Guntun hanyar da ta haɗa ku da sabon titi kuma ku bi ta da ƙafa kafin kaka: kwalbatin da ya karye a gyara, reshen da zai taɓa lodi a sare, wayar wuta da ta yi ƙasa a kai rahoto a ɗaga ta, don tirela mai lodi tana buƙatar sarari sama da mita huɗu da rabi kafin ta wuce.